Takarda a hannun mai gona: magana kan ƴan ci-ranin Damagaram

Na gode wa waɗanda suka shimfiɗa tabarmin nan, suka ba ni dama in yi magana a Mirriya, garin da aka yanke mini cibiya.

Kafin in fara ina da roƙo ɗaya. Duk wanda yake da wa, ko ƙane, ko uba, ko miji a Libiya, ko Aljeriya, ko Najeriya yanzu haka da muke zaune, don Allah ya ɗaga hannu. To, kowa ya dubi na kusa da shi. Kun gani ko? Ni ma ga nawa hannun. Ku sauke, na gode. Ashe maganar yau ta gidan kowa ce.

Wana, wanda nake bi, ya tafi Libiya a shekarar da na shiga jami'a a Damagaram. Daminar ba ta yi mana kyau ba, abin da muka samu a gona bai isa ya kai mu bazara ba. Aka sayar da tumakin innarmu biyu, ya ci bashin jika 150, ya hau mota zuwa Agadas, daga nan Dirku, har Allah ya kai shi Sabha. Ya samu aiki a wata gona a kudancin ƙasar, irin wadda suke ce wa mazara'a. Shi ne ban ruwa, shi ne cirar albasa, shi ne hawan dabino, da dare kuma shi ne mai gadi. Da baki suka yi ciniki da mai gonar, babu shaida, babu rubutu. Ranar da ya fara aiki mai gonar ya karɓi katinsa na ɗan ƙasa, wai zai ajiye masa kada ya ɓace.

Wata biyun farko an biya shi cif. A wata na uku sai mai gonar ya ce ya bari kuɗin su taru, ranar tafiya ya ba shi a dunƙule. Wana ya ga ai wannan ma adashi ne, ya yarda. Da ya cika wata tara, damina ta ƙarato, ya ce zai koma gida noma, a ba shi haƙƙinsa da katinsa. Mutumin ya dube shi ya ce: "Wa ya san da kai a ƙasar nan? Waya ɗaya zan buga a zo a ɗauke ka." A daren ya bar gonar da ƙafa. Ya dawo mana Mirriya da leda ɗaya a hannu, ga bashin jika 150 yana jiransa.

Littattafan da na yi karatun shekarar farko da su, daga albashin wata biyun nan aka saye su. Don haka in kun ji ina ɗaga murya a kan wannan magana, bashi nake biya.

Bayan ya huta, wata rana muna zaune a ƙofar gida ya ce mini: "Kai da ka yi lakkol, gaya mini gaskiya. Da ina da biza, da mutumin nan ya biya ni?" Nan take na ce masa ƙwarai kuwa. Na daɗe ina jin na ba shi amsa mai kyau. Sai da na zauna na karanta yadda bizar aikin gona take a ƙasashen da suka daɗe da ita, sannan na gane na yi gaggawa. Abin da na gano shi ne na zo in gaya muku yau.

Mu fara daga gida. Ci-rani ba baƙon abu ba ne a ƙasar Damagaram, kuma ba abin kunya ba ne. Daminarmu wata uku ce zuwa huɗu. In an yanke gero an ɗaure dammuna, an tsinke wake, me majiyi ƙarfi zai zauna yi har wata takwas? Kakanninmu sun bi hanyar Kano, wasu har Gana wajen koko. Iyayenmu sun bi ta Kwangwalam da Maigatari suka yi ƙwadago a gonakin rani na Kura da Kadawa da fadamun Haɗeja. Namu zamanin ya ƙara da Libiya da Aljeriya. Shekaru da yawa, in hukumar OIM ta ƙirga baƙin da ke Libiya, ƴan Nijar ne kan gaba a yawa, sai da yaƙin Sudan ya koro mutanensa sannan lissafin ya canza. Kuɗin da mutanen nan ke aikowa su ne hatsin bazara a gidaje da dama, su ne kuɗin likita, su ne sadakin ƙanne.

Amma ku dubi abin da ke faruwa duk lokacin da iska ta juya. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice, mutanenmu da yawa suka baro dukiyarsu. A watan Janairu na 1983 gwamnatin Shagari a Najeriya ta yi irin haka, alhali yarjejeniyar CEDEAO ta zirga-zirgar jama'a tana nan tun 1979. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara, mafi yawansu daga yankin Kance, nan maƙwabtanmu. Ƙishirwa ce ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. A 2015 aka yi dokar nan mai lamba 2015-36 wadda ta haramta jigilar baƙin haure. Tafiya ba ta tsaya ba, sai dai direbobi suka kauce wa hanyoyin da ke da rijiyoyi, kuɗin mota ya hau. An soke dokar a watan Nuwamba na 2023. Duk da haka a shekarar 2024 kaɗai, ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga fiye da mutum 30,000 da Aljeriya ta koro ta Assamaka, ƴan Nijar da ƴan wasu ƙasashe, wasunsu an zube su a cikin rairayi kilomita 15 daga garin, su ƙarasa da ƙafa. A farkon Janairun 2025 kuma ƴan Nijar fiye da 600 aka kwaso daga Libiya aka sauke a Dirku.

Duk wanda ya ji wannan lissafi zai ce maganin a fili yake: a samo wa mutanenmu takarda, su shiga ta ƙofa, su yi aikinsu na wata shida ko tara, su dawo. Ni ma abin da nake so ke nan. Sai dai takarda iri-iri ce, kuma akwai waɗanda suka riga mu gwadawa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da ya kamata ka yi wa naka.

Ku ɗauki Amurka. A 1942, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, gonakinsu suka rasa ma'aikata, sai suka ƙulla yarjejeniya da Meksiko, shirin da ake kira Bracero. Ya kai har 1964, an sa hannu a kan kwantiragi wajen miliyan 4 da rabi. A shekarun farko ana yanke kashi 10 cikin 100 na albashin kowane ma'aikaci, wai ajiya ce, zai karɓa in ya koma gida. Da yawansu ba su ga ko sisi ba. Sai bayan fiye da shekara 50, da shari'a da zanga-zanga, aka fara ba tsofaffin da suka rage ɗan abin da ya samu. Kun ji "bari su taru in ba ka a dunƙule" ko? Ashe ba mai gonar wana ne ya fara ta ba.

Tun 1986 Amurka tana da wata biza ta aikin gona mai suna H-2A. A 2023 sun ba da fiye da 300,000, galibi ga mutanen Meksiko. In ka karanta dokarta sai ka ce aljannar duniya ce: mai gona ne zai ba ka masauki kyauta, shi zai biya kuɗin hanya, dole ya lamunce maka kashi uku cikin huɗu na lokutan aikin da ya alkawarta, kuma an hana dillali ya karɓi kuɗi daga hannunka. Amma bizar ɗaure take da sunan wanda ya nemo ka. In ya sallame ka, ko ka gaji ka bar shi, izinin zamanka ya shiga garari. A watan Nuwamba na 2021, a jihar Jojiya, hukumomin Amurka da kansu suka gurfanar da mutum 24 a kan zargin sun shigo da ma'aikata da wannan biza, suka ƙwace musu fasfo, suka sa su tonon albasa da hannu a kan santi 20 kowane bokiti. Aƙalla mutum biyu sun mutu a bakin aikin. Waɗannan bayin Allah ba ta hamada suka shiga ba fa. Da hatimi a fasfonsu suka shiga.

Kanada ta fara nata shirin a 1966 da ma'aikata 264 daga Jamaika. A can mai gona yana iya ambaton sunan wanda yake so ya dawo masa baɗi. Ku yi tunani: in ka yi ƙorafi bana, wa zai ambaci sunanka? A 2023 wani jami'in Majalisar Ɗinkin Duniya mai bincike kan bautar zamani, Tomoya Obokata, ya ziyarci ƙasar, ya kuma yanke cewa irin wannan izini da ke ɗaure ma'aikaci ga mutum ɗaya yana share wa bautar zamani fili. Kanada ce fa, wadda samarinmu ke mafarki da ita a Facebook.

A Sifaniya, yankin Welba, duk shekara ana ɗauko dubban mata daga Maroko su tsinki ƴaƴan marmarin nan jajaye da ake ce wa firez. An daɗe ana fifita mata masu ƙananan yara a gida wajen zaɓe, saboda an san uwa ba za ta ƙi komawa wajen ɗanta ba. Ɗan da ta bari ya zama jingina ke nan. Duk wanda ya san abin da ke fitar da matan Kance daga gidajensu zai gane nauyin wannan. A Italiya kuwa gwamnati na fitar da adadin baƙin ma'aikatan da za a ɗauka, kuma Nijar tana cikin jerin ƙasashen da aka ambata. Sai dillalai suka mayar da gurbin haja, mutum ya biya maƙudan kuɗi, ya sauka ya tarar babu gonar, babu mai gonar, ya wayi gari ba shi da takarda. Abin ya yi ƙamari har a watan Yuni na 2024 shugabar gwamnatin ƙasar, Giorgia Meloni, ta kai ƙara da kanta gaban masu binciken ƴan mafiya. Wanda kuma ya taɓa aiki a Saudiyya, ba sai na yi masa bayanin kafili ba.

In kun lura, ƙasashen sun bambanta amma igiyar ɗaya ce, kuma ƙulli uku gare ta. Na farko bashi. Wanda ya jinginar da gonar gado ya biya dillali ba ya iya cewa a'a, ko me aka yi masa, don ya san abin da ke jiransa a gida. Na biyu takardar da ke ɗauke da sunan mai gona. Wanda ke biyanka, shi ne mai masaukinka, shi ne kuma mai ikon zamanka a ƙasar. Ina za ka kai ƙararsa? Na uku tsoron baɗi: ka yi shiru bana don a sake kiranka. Wana ba shi da biza, mutanen Jojiya suna da ita, amma maganar da aka gaya musu kusan ɗaya ce: in ka motsa, a kore ka.

To me muke nema, kuma a wajen wa?

Ba daga sifiri za a fara ba. A ƙarshen 2021 ministocin ƙwadago na Nijar da Libiya sun sa hannu a Yamai kan wata yarjejeniyar fahimtar juna game da ma'aikatan da ke ƙetarawa. Nijar, Najeriya, Libiya da Aljeriya duk sun shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1990 mai kare haƙƙin baƙin ma'aikata da iyalansu, abin da Faransa da Amurka ba su yi ba. A watan Mayu na 2015 Nijar ce ƙasa ta farko a duniya da ta amince da ƙarin yarjejeniyar 2014 ta hana aikin tilas. Tun 2020 muna da manufar ƙasa kan ƙaura. Takardu kam muna da su a Yamai. Tambayar ita ce, yaron da zai hau mota gobe a tashar Damagaram, wace daga cikinsu zai riƙe a hannunsa?

Akwai kuma batun kudu. Tun ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar ba ta cikin CEDEAO. Ƙungiyar ta ce za a ci gaba da mutunta takardunmu da zirga-zirgarmu har zuwa wani lokaci. Ni ban zo nan don in yi gardamar fita ko zama ba. Abin da nake cewa shi ne, ɗan ƙwadagon da ke zuwa Kura dashen tumatir yanzu yana tsaye ne a kan sanarwar wucin gadi, kuma mun ga yadda aka rufe iyaka a 2019, aka sake rufewa a 2023. Akwai hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya tun 1971, mazauninta a Yamai. Maganar ƴan ci-rani ta cancanci ta hau teburinta.

Ga abin da nake ganin ya kamata mu matsa a kansa, duk ranar da za a zauna da Libiya, ko Aljeriya, ko Najeriya, ko wata ƙasar Turai.

Na ɗaya, izinin ya zama na ma'aikaci. A rubuta cewa wane yana da izinin aikin gona a ƙasa kaza na wata kaza. In wannan mai gona ya cuce shi, ya ɗauki jakarsa ya koma gonar gaba, takardarsa tana nan daram. In an ba mu wannan kaɗai, rabin aikin ya ƙare.

Na biyu, kada ma'aikaci ya biya ko dala don a ɗauke shi. Mai neman hannu shi zai biya. A yi rajista a ofishin ANPE na Damagaram da ofisoshin magadan gari, a Mirriya, a Matamaye, a Magariya, a Tanut. In aka ce sai an je Yamai, an buɗe wa dillali ƙofa ke nan, don talaka ba shi da kuɗin motar kilomita wajen 900 da na masauki.

Na uku, kwantiragi a rubuce, da Hausa da harshen ƙasar da za a je, da boko da ajami, a karanta wa mutum da baki a gaban shaidu kafin ya dangwala. Kuma riƙe katin ma'aikaci ko fasfonsa ya zama laifin da ake hukunta mai gona a kansa.

Na huɗu, albashi duk ƙarshen wata, ta hanyar da ke barin shaida. Babu "bari su taru". In ana son ajiya, mai gona ne zai ajiye kuɗin lamuni a wajen hukuma kafin a ba shi ma'aikaci, don in ya ƙi biya a cire daga ciki.

Na biyar, a samar da inda za a kai kuka. Ofisoshin jakadancinmu su samu jami'in da aikinsa ke nan, mai jin Hausa da Barebari da Buzanci, mai lambar wayar da ake ɗagawa. Wanda ya kai ƙara kada a kore shi kafin a saurare shi. Wanda ya riga ya dawo gida kuma ya iya bin haƙƙinsa daga nan Damagaram.

Na shida, wanda ya yi aikinsa ya dawo kan lokaci ya samu damar komawa baɗi da sunansa, ba sai wani mai gona ya yi masa alfarma ba. Wanda injin ya cinye wa hannu a biya shi diyya. Wanda ya rasu a sanar da iyalinsa, a kawo musu abin da ya bari. Mata kuma a sa su cikin tsarin da mutuncinsu, don rufe ido a kan tafiyarsu bai hana ta ba.

Sannan duk teburin da za a tattauna wannan, a ajiye kujera ga waɗanda suka je suka dawo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wana bai yi lakkol ba, amma ya fi ni sanin mazara'a, ya kuma fi wanda zai sa hannu a madadinsa.

Na san akwai masu ja, kuma ba zan yi kamar ban ji su ba. Wani zai ce: mai gona ya kashe kuɗinsa ya kawo mutum, ranar girbi kuma mutumin ya koma wajen maƙwabci, wannan adalci ne? Tambaya ce mai kyau. Ana iya tsara cewa wanda ya karɓi ma'aikacin daga baya ya mayar wa na farko wani kaso na kuɗin hanya, ko masu gonaki su zuba kuɗin a asusu ɗaya. Matsalar kuɗi ce, da kuɗi za a warware ta, ba da ɗaure mutum ba. Kuma mu faɗi gaskiya, wanda ke biya kan lokaci, yake ba da abinci da wurin kwana mai kyau, ba kasafai ake gudunsa ba.

Wani kuma zai ce: Libiyar da gwamnatoci biyu ke jayayya a cikinta, wa zai tilasta wa mai gona a Fezan bin doka? Ban ce abu ne mai sauƙi ba, kuma ban ce takarda za ta rufe gidajen bashi na Sabha a dare ɗaya ba. Amma suna buƙatar hannayenmu kamar yadda muke buƙatar kuɗinsu. In dabino ya nuna, dole wani ya hau. Wannan ƙarfi ne a hannunmu, sai dai mun saba sayar da shi ɗaya-ɗaya, kowa a ɓoye, shi ya sa yake araha.

Na ukun shi ne wanda iyayenmu ke faɗa: me zai hana ku zauna gida ku yi noman rani? Baba, wallahi shi ne burinmu. Ga lambunan Mirriya, ga kukokinmu, ga raken Gidimuni. A ba matasa rijiyoyi da injin ban ruwa da hanyar kai kaya kasuwa, da yawa ba za su tafi ba. Amma ƙidayar 2012 ta nuna jahar Damagaram ta fi kowace jaha yawan jama'a, mutum fiye da miliyan 3 da rabi, yau kuwa mun ƙaru sosai. Gonar da kakanmu ya noma shi kaɗai, yau jikoki nawa ke rabonta? Matatar mai ta SORAZ tana aiki tun 2011, amma ba za ta ɗauke mu duka ba. A yi aikin gida, a kuma kare wanda ya fita. Ɗaya ba ta hana ɗaya.

Yanzu bari in juyo kanmu, don kada mu tashi muna ganin duk laifin na Larabawa da Turawa ne. A nan Mirriya, su wa ke mana ban ruwa a lambu? Su wa ke mana noma da girbi in aiki ya yi yawa? Yaran ƙauye ne da ke zuwa barema. Nawa ne daga cikinmu suka taɓa ce wa yaro "dawo ranar kasuwa", ranar kasuwa ta zo aka ce "sai an sayar da kaya"? Nawa ne suka rage masa kuɗi bayan an gama ciniki don sun san ba shi da kowa a garin? Kowa a nan ya san abin da addininmu ya ce game da gumin ma'aikaci, ba sai na tuna wa malamai ba. Ba za mu je Sabha neman adalcin da muka hana a bakin rijiyarmu ba. Duk abin da na lissafa ɗazu, mu fara gwada shi a lambunanmu: ciniki a gaban shaida, biya a ranar da aka ce.

Ƴan'uwana matasa, kafin gwamnatoci su motsa akwai abin da ke hannunmu. Kowace fada ta samu littafi guda. Duk wanda zai tafi a rubuta sunansa, ranar tafiya, garin da ya nufa, da lambar wanda zai sauka wajensa. Ya ɗauki hoton katinsa ya bar wa na gida a waya. In ya samu aiki ya aiko da sunan wurin, da abin da aka yi ciniki a kai, ko da saƙon murya ne a WhatsApp. Kada ya miƙa wa kowa katinsa da sunan ajiya. In ya ga wata biyu sun wuce babu biya, kada ya jira na tara.

Ku da kuka yi karatu, aikinku ya fi yawa. In kun ga talla a Facebook ko TikTok wai ana ɗaukar ma'aikatan gona a Kanada ko Italiya, a turo jika kaza kuɗin fom, ku tsaya ku karanta wa ƙannenku, ku nuna musu inda ƙaryar take. Kada ku tura tallar gaba don kawai wani ya turo muku. Sannan mu zauna da waɗanda suka dawo, da yardarsu, mu rubuta abin da ya same su: wata nawa suka yi, nawa aka yi alkawari, nawa aka biya. In muka tara irin wannan daga unguwa goma, daga ƙauye ashirin, za mu shiga ofishin magajin gari da na gwamna da abin nunawa a hannu. Mu kai wa sarakunanmu, mu kai wa limamai su faɗa a huɗuba, mu kai gidajen rediyo.

Kwanan baya na koma wajen wana na ce masa ina so in gyara amsar da na ba shi. Na ce: da kana da biza irin wadda sunan mutumin ke kanta, mai yiwuwa da abin da ya yi maka zai sake yi. Da kana da wadda sunanka kaɗai ke kanta, da tun a wata na uku ka bar masa gonarsa. Ya yi shiru, sannan ya ce: "To ku yi sauri ku samo ta." Don bana ma ya auna rumbunsa, ya ga inda hatsin zai tsaya, ya fara tambayar kuɗin motar Agadas.

Allah ya tsare matafiyanmu, ya dawo mana da su lafiya da haƙƙinsu a hannu. Waɗanda hamada ta riƙe, Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri. Littafin rajistar da na ambata, ga na unguwarmu nan na zo da shi, duk mai son ganin yadda muka tsara shi ya same ni bayan an tashi.